Makon Hausa a Jami'o'in Arewacin Nijeriya: Tsakanin Shagalin Biki da Fagen Nazari

Tsakure

Ƙungiyoyin Hausa na ɗalibai sun daɗe suna shirya taruka a jami'o'in arewacin Nijeriya, kuma fitacce daga cikinsu shi ne Makon Hausa. Duk da daɗewar wannan al'ada, har yau an fi kallonta a matsayin bikin shan iska bayan wahalar karatu. Wannan maƙala ta dubi abubuwan da ake gabatarwa a makon, ta auna su da ma'aunin darussan harshe da adabi da al'ada. An bi hanyar nazarin rubuce-rubuce da kuma lura da yadda ake gudanar da tarukan. An gano cewa makon yana samar da bayanai na asali waɗanda aji ba ya iya samarwa, kuma zai iya zama gada tsakanin ɗalibi da guraben aiki. Sai dai akasarin abin da aka gabatar yakan salwanta da zarar an watse, domin ba a taskace shi. Maƙalar ta ba da shawarar a haɗa makon da manhaja, a kafa masa taska, a kuma ware yini guda domin sana'o'in da suka dogara da harshen.

Fitilun Kalmomi: Makon Hausa, ƙungiyoyin ɗalibai, adabin baka, taskacewa, manhaja

1.0 Gabatarwa

Ɗalibin Hausa yana da bambanci da takwaransa na wasu fannoni ta fuska guda. Abin da yake nazari a kansa yana raye a bakin ƙofar jami'a: a tasha, a kasuwa, a fada, da gidan biki. Amma tsarin karatun jami'a ya fi karkata ga lacca da littafi da jarrabawa, ta yadda ɗalibi zai iya kammala digiri yana feɗe waƙar da bai taɓa ganin ana rerawa ba. Makon Hausa yana cikin 'yan lokutan da wannan rayayyar Hausa take shigowa harabar jami'a da kanta, ta tsaya gaban ɗalibi da malaminsa a lokaci guda.

Manufar wannan maƙala ita ce nuna cewa Makon Hausa fagen nazari ne, kuma asarar da ake tafkawa ta rashin ɗaukarsa a haka ta shafi ɗalibi da sashe da fannin baki ɗaya. An taƙaita bayani a kan tarukan da ƙungiyoyin ɗalibai suke shiryawa, ba a shiga tarukan ƙara wa juna sani na malamai ba. An dogara da ayyukan magabata a kan tarihin rubutun Hausa da hanyoyin nazarin adabi, sannan da lura ta kai-tsaye da aka yi a irin waɗannan taruka.

2.0 Waiwaye

Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta fara aiki a shekarar 1962, kuma Kwalejin Abdullahi Bayero ta Kano tana ƙarƙashinta kafin ta zama Jami'ar Bayero a 1977. A wannan kwaleji aka kafa Cibiyar Nazarin Harsunan Nijeriya a 1969, wadda ta riƙa fitar da mujallar Harsunan Nijeriya, daga baya ta samar da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero a 2006. A cikin wannan yanayi ne Ƙungiyar Hausa ta ɗalibai ta yi ƙarfi, Makon Hausa ya zama sananne tun cikin shekarun 1970. Sannu a hankali al'adar ta bazu zuwa sauran jami'o'i da kwalejojin ilimi, kowace makaranta da irin sunan da take kiran nata taron.

Ƙungiya ba baƙuwa ba ce a tarihin adabin Hausa. Ƙungiyar Hikima ta Mudi Sipikin da Hausa Fasaha ta Aƙilu Aliyu sun raini marubuta waƙoƙi da dama, kuma littafin Ibrahim Yaro Yahaya, Hausa a Rubuce (1988), ya ba irin waɗannan ƙungiyoyi gurbi a tarihin rubutu. Graham Furniss ya gina kundin digirinsa na uku na 1977 a kan waƙoƙin ƙungiyar Hikima. Wannan ya nuna cewa taron marubuta kansa abin nazari ne. Ta fuskar adabin baka kuwa, Ɗandatti Abdulƙadir ya yi kundinsa na digiri na uku a kan Mamman Shata a 1975, sannan Jami'ar Ahmadu Bello ta ba Shata digirin girmamawa a 1988. Ke nan jami'a ta daɗe da amincewa cewa makaɗi yana da abin da zai koya mata. Abin da ya rage a baya shi ne taron da yake kawo makaɗin cikin jami'a, domin shi ba a cika mayar da shi abin bincike ba.

3.0 Abubuwan da Makon Ya Ƙunsa

Tsarin makon yakan bambanta daga makaranta zuwa makaranta, amma akwai abubuwan da kusan ba sa fashi: laccar buɗe taro, da muhawara da kacici-kacici, da karatun rubutattun waƙoƙi, da wasan kwaikwayo, da baje kolin abinci da tufafi da kayan sana'o'in gargajiya, da naɗin sarautun ɗalibai, sai kuma daren makaɗa da ake rufe taro da shi. Za a dubi uku daga cikinsu waɗanda suka fi ɗauke da abin nazari.

3.1 Daren Makaɗa

Masu nazarin waƙar baka sun tabbatar da cewa makaɗi ba ya maimaita waƙa iri ɗaya sak a zama biyu. Gindin waƙa yakan tsaya a inda yake, amma ɗiyanta suna ƙaruwa, suna raguwa, suna sauya wuri gwargwadon waɗanda suke gabansa. Makaɗin da ya tsaya a dandalin jami'a zai sako ɗan waƙa domin shugaban taro, ya yi wa wani malami kirari, ya yi wa ɗalibai habaici a kan karatu ko aure. Abin da ya rera a wannan dare sabon zubi ne wanda babu shi a kowane faifai.

Hanyar da Sa'idu Muhammad Gusau ya shimfiɗa a Jagoran Nazarin Waƙar Baka (1993) tana buƙatar mai nazari ya san makaɗin da tushen waƙar kafin ya shiga turke da salo. A aji, ɗalibi yana karɓar wannan bayani ne a rubuce. A daren makaɗa yana ganin yadda jagora yake miƙa wa 'yan amshi, da yadda kalangu ko kotso yake cike gurbin magana, da aikin sanƙira, da yadda liƙi yake sa a tsawaita ɗa guda ko a tsallake wani. Gani ya kori ji. Waɗannan duka sassan waƙar ne, kuma rubutaccen matani ba ya ɗauke da su.

Makaɗan da suka yi tashe a shekarun da aka fara waɗannan taruka sun riga mu gidan gaskiya: Musa Ɗanƙwairo a 1991, Mamman Shata a 1999, Ɗan Maraya Jos a 2015. Abin da mai nazari yake da shi a yau game da su shi ne abin da wani ya ɗauka ya adana. Wannan hukunci zai hau kan makaɗan da ake gayyata a yanzu.

3.2 Muhawara da Kacici-kacici

Jami'a matattara ce ta kare-karen harshe. A zauren muhawara guda za a ji Bakano da Basakkwace da Bakatsine da Bazazzagi da Baguddire, wani lokaci har da ɗalibi daga Maraɗi ko Damagaram. Wani ya ce "wannan", wani ya ce "wanga". Wani "biyar", wani "biyat". Wani "tafi", wani "tahi". Ɗalibin Nijar yana iya cewa "lakwal" ko "mushe" a inda ɗan Nijeriya zai ce makaranta ko malami, saboda ɗan Nijar ya yi aro daga harshen Turawan da suka mallaki ƙasarsa.

Abin lura shi ne yadda mai magana yake fara jawabi da daidaitacciyar Hausa, amma da zarar muhawara ta yi zafi sai karin garinsu ya fito. Haka kuma ana jin inda Ingilishi yake kutsowa, da irin kalmomin da suke jawo shi. Wannan ita ce matsalar da Aƙilu Aliyu ya yi tsokaci a kanta a waƙarsa ta "Hausa Mai Ban Haushi", wadda take cikin Fasaha Aƙiliya (1977). Mai nazarin walwalar harshe yakan sha wahala kafin ya tara masu magana daga yankuna daban-daban a kan batu guda. Muhawarar Makon Hausa tana tara masa su a zaure ɗaya kowace shekara.

3.3 Naɗin Sarautun Ɗalibai

Ɗalibai sukan naɗa sarki da 'yan majalisarsa, a yi rawani da alkyabba, a busa algaita, a yi zaman fada. Wasu suna ganin wannan wasa ne kawai. Amma a nan ne ake gane iyakar abin da ɗalibi ya sani game da tsarin sarauta, domin kowace masarauta da nata tsari. Masu zaɓen sarki a Kano su ne Madaki da Makama da Sarkin Bai da Sarkin Dawaki Mai Tuta. A Katsina ana maganar Ƙaura da Galadima da 'Yanɗaka da Durɓi. A Zazzau kuwa akwai Waziri da Fagaci da Makama Ƙarami da Limamin Juma'a da Limamin Kona. Fadar ɗalibai takan gwamutsa waɗannan sarautu, a zaunar da su ba bisa matsayi ba, a yi wa wani kirarin da ba nasa ba. Idan babu malamin da ya tsaya a kai, kuskuren yakan zama gado daga shugabanni zuwa shugabanni. Idan kuwa aka ce a kowace shekara a zaɓi masarauta guda a kwaikwayi tsarinta daidai, to dole ɗalibai su je fada su yi tambaya, kuma wannan tambaya ita ce farkon binciken al'ada.

4.0 Damarmakin da Ke Gaban Ɗalibi

Tarihin ƙagaggun labaran Hausa ya nuna tasirin gasa. Gasar da Rupert East ya shirya a 1933 ita ta haifar da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi. Gasar kamfanin NNPC ta 1978 ta fito da So Aljannar Duniya da Mallakin Zuciyata da Amadi Na Malam Amah. A gasar Ma'aikatar Al'adu ta Tarayya aka sami Turmin Danya da Ƙarshen Alewa Ƙasa da Tsumangiyar Kan Hanya, waɗanda aka buga a 1982. A wannan zamani akwai gasar Hikayata ta mata zalla, wadda sashen Hausa na BBC ya fara a 2016. Gasar gajerun labarai da waƙoƙi ta Makon Hausa ita ce matakin farko da ya kamata ya kai ɗalibi ga irin waɗannan manyan fagage, in da ana gyara masa rubutunsa, a nuna masa inda ya gaza, a kuma buga waɗanda suka yi fice.

Dama ta biyu ita ce aikin jarida da fassara. Sashen Hausa na BBC yana watsa shirye-shirye tun 1957, na Muryar Jamus tun 1963, na Rediyon Faransa tun 2007, ga kuma gidajen rediyo da talabijin masu zaman kansu da jaridun intanet a manyan biranen Arewa. Ɗalibin da ya jagoranci taro, ko ya fassara jawabin baƙo nan take, ko ya rubuta rahoton yini, ya riga ya taɓa aikin da waɗannan kafafe suke nema.

Dama ta uku sabuwa ce. Manhajar fassara ta Google ta shigar da Hausa a 2013, akwai Wikipedia ta Hausa, kuma a 2022 an fitar da tarin bayanai na NaijaSenti wanda ya ƙunshi saƙonnin Twitter na Hausa da wasu harsunan Nijeriya da masu harshen suka tantance da hannu. Duk irin wannan aiki yana buƙatar wanda ya san ƙa'idojin rubutu: inda ake sa ƙugiya, da inda ake raba kalma ko haɗe ta, da bambancin "ƙasa" da "kasa" ko "ɓata" da "bata". Wannan shi ne abin da ɗalibin Hausa ya shafe shekaru yana koyo. Duk da haka, ba kasafai ake ganin sashen Hausa da sashen kimiyyar kwamfuta sun haɗu a kan shirin Makon Hausa ba, alhali tafiyar 'yan mintoci ce tsakaninsu.

5.0 Matsaloli

Babbar matsala ita ce rashin taskacewa. A da kayan ɗaukar murya ne suke wuya, yau kuwa kusan kowane ɗalibi yana ɗauka da wayarsa. Amma yawan ɗauka bai zama taska ba. Abin da ake samu guntaye ne na minti ɗaya ko biyu a Facebook da TikTok, babu kwanan wata, babu sunan wuri, babu sunayen 'yan amshi, an kuma yanke farko da ƙarshe. Mai nazari ba zai iya kafa hujja da irin wannan ba. Takardun lacca da waƙoƙin da aka karanta da rubutun wasan kwaikwayo sukan tafi tare da shugabannin ƙungiya idan sun kammala karatu, sababbi su fara daga tushe.

Ta biyu ita ce hanyar samun kuɗi. Ƙungiyar da ba ta da kaso daga sashe dole ta nemi taimako wajen masu hannu da shuni da 'yan siyasa. Sakamakon haka shi ne yawaitar lambobin girmamawa, har su cinye lokacin lacca da muhawara, makaɗi kuma ya karkata ga yabon wanda ya ɗauki nauyi. Ba laifin ɗalibai ba ne kaɗai, domin kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ta uku ita ce rikicewar kalandar karatu. Yajin aikin malaman jami'o'i na 2020 ya ɗauki kusan wata tara, na 2022 ya kai wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Idan aka dawo aka matse zangon karatu, taron da ba shi da maki shi ake fara sokewa. Ranar Hausa ta Duniya, wadda aka fara a 2015 ake kuma yin ta kowace 26 ga Agusta, ta ƙara wa harshen armashi, amma ba kullum take dacewa da lokacin da ɗalibai suke makaranta ba.

Ta huɗu ta shafi ɗalibai mata. Mata irin su Hafsatu Abdulwahid da Balaraba Ramat Yakubu da Bilkisu Salisu Ahmed Funtuwa suna cikin waɗanda suka riƙe rubutun zube na Hausa. Amma a Makon Hausa sau da yawa rawar ɗaliba takan tsaya a girkin gargajiya da kwalliya, manyan shirye-shirye kuma a kai su dare, lokacin da mai aure ko mai zuwa daga gida ba za ta iya tsayawa ba.

6.0 Shawarwari

Na farko, a haɗa makon da manhaja. Sabon tsarin manhaja na CCMAS da Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa ta ƙaddamar a Disambar 2022 ya bar wa kowace jami'a kashi 30 cikin 100 domin ta tsara abin da ya dace da muhallinta. Sashe zai iya amfani da wannan gurbi ya samar da kwas na aikin fili, inda ɗaliban aji uku za su ɗauki waƙa ko muhawara, su rubuta ta, su yi mata sharhi.

Na biyu, a kafa taska a ƙarƙashin sashe, malami guda ya kula da ita. Kowace ɗauka ta zo da takardar bayani mai nuna rana da wuri da sunan makaɗi da 'yan amshinsa da kayan kiɗa da dalilin taro. A nemi izinin makaɗi tun kafin a ɗauka, a bayyana masa abin da za a yi da muryarsa, a kuma ba shi nasa kwafi. Waƙa dukiyarsa ce, gayyata ba ta mayar da ita mallakar jami'a ba.

Na uku, a ware yini guda domin sana'o'i, a gayyato tsofaffin ɗalibai masu aikin jarida da fassara da ɗab'i da fim da fasahar harshe, su zauna da ɗalibai a ƙananan rukunai da rana.

Na huɗu, a ƙulla zumunci da jami'o'in Nijar, kamar Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai da jami'o'in Maraɗi da Damagaram, ko da ta intanet ne. An zauna a Bamako a 1966 da Yamai a 1980 domin daidaita rubutun Hausa, kuma muhawara tsakanin ɗaliban ƙasashen biyu za ta nuna inda wannan daidaito ya kai a aikace.

Ana iya cewa sa maki zai kashe armashin makon, ya mayar da aikin sa-kai ya zama neman sakamako. Wannan tsoro yana da tushe. Saboda haka abin da ake ba da shawara a sa wa maki shi ne aikin ɗauka da rubutawa da sharhi kawai. Shirya taro da zaɓen baƙi da rawa da annashuwa su ci gaba da zama a hannun ɗalibai, domin idan biki ya mutu babu abin da za a taskace.

7.0 Kammalawa

Wannan maƙala ta dubi Makon Hausa ta fuskar abin da yake samarwa ga nazarin harshe da adabi da al'ada. An nuna cewa daren makaɗa yana haifar da sabon zubin waƙa, muhawara tana tara kare-karen harshe, naɗin sarauta yana buɗe ƙofar binciken al'ada, gasa da jagorancin taro kuma suna share fagen aiki. An kuma nuna cewa rashin taska da dogaro da masu kuɗi da rikicewar kalanda da taƙaita rawar mata suna rage wannan amfani. Akwai buƙatar a yi bincike na musamman a kan tarihin makon a kowace jami'a, ta hanyar hira da tsofaffin shugabannin ƙungiyoyi tun suna raye, tare da tattara kaset-kaset da hotuna da takardun da suke hannunsu.